Bugun Jikan Malam Manu

"Maharazu, cire hannunka daga bayan talabijin ɗin nan!"

Maharazu, mai gidan kallon, bai cire ba. Ya zare wayar dish, ya soka wata da ke haɗe da salular Malam Manu. Koren filin Ingila ya ɓace daga talabijin ɗin hagu. Wani fili ya bayyana mai zane-zane kamar an ja layin shukar albasa.

"Ga ta dama nan na bar muku," in ji Maharazu. "Wagga ta Malam ce yau. Jikanai ka wasa a Amurka."

Ihun ya ragu, don rabin mazauna bencin sun sha bulalar Malam Manu. Sunansa na fasfo Menon. Ya zo daga Indiya a 1983 ya koyar da kimiyya, kwantiragi ya ƙare, sauran Indiyawa suka tafi, shi ya tsaya yana gyaran injin ban-ruwa. Yana cin goro, yana rantsuwa da wallahi, kuma Sakkwatancinsa ya fi na wasu da aka haifa a Illela. Naman shanu ne kawai ya gagare shi.

Ɗansa Arun kuwa ya yi Amurka, ya zama ɗan can fiye da 'yan can. Tun rasuwar mahaifiyarsa yake matsa wa tsohon ya koma wurinsu. Takardu sun fito. Jiya ya ce a waya, "Baba, kalli jikanka Nikhil gobe, ka ga abin da kake rasawa. Ana tashi zan kira, ka ba ni amsa in yanki tikiti." Sau uku Arun ya bayyana masa dokokin wasan. Duk ukun Malam Manu yana kwance kabiretar inji, yana cewa to, to.

Yara suka fito da hulunan kwano da kafaɗu kamar an cusa musu matashin kai.

"Malam, 'yan kabu-kabu na?" in ji Sahabi, wanda shi ma kabu-kabun yake yi da babur tsakanin Illela da Ƙonni, bai kuma taɓa sa hular kwano ba.

"Ɗalibai na, sakarai. Kai ma da ka yi karatu."

Aka busa. Yaran suka duƙa suna fuskantar juna, suka yi karo, suka zube. Aka sake busa. Suka tashi, suka taru suna shawara.

Jaɓɓo, dillalin shanu a kara, ya gyara zama. "Wanga na gane shi. Haka bijimaina ka yi in an kawo sabuwar saniya."

"To ina ƙwallon?"

"Ga ta can ƙarƙashin mai ƙiba. Kamar gwanda."

"Wane na jikan, Malam?"

Malam Manu ya nuna gefen fili. Lamba tara yana tsaye da hula a hannu, siriri, yana shan ruwa.

Ya sha ruwa har aka kira la'asar. Mutane suka fita, Malam Manu ya zauna shi kaɗai kamar kullum, yana tsare wa jama'a wurin zama. Yana duban fararen iyaye da baƙaƙe a kan benen kallo, sanye da rigunan sanyi. A cikinsu ya hango Arun, ya shafa shuɗin fenti a kumatu, yana tsalle. Yaron da aka yi wa aski a bakin tashar Illela.

Aka dawo daga salla.

"An ci?"

"Suna shawara."

"Tun ɗazu? Ko rabon gado sunka samu?"

Wasan Ingila ya tashi babu ci, don haka kowa ya juyo hagu da haushinsa. Lambobin da ke saman allo suka nuna ashirin da ɗaya da goma sha tara. Babu wanda ya ga lokacin da aka zura ko ɗaya. Maharazu ya ce shuɗayen, wato su jikan Malam, su ne a baya, kuma saura daƙiƙa huɗu.

Sai lamba tara ya ajiye gorar ruwa, ya kifa hula, ya shigo da gudu.

"Ga shi! Ga shi!" Malam Manu ya miƙe, goro ya faɗo daga bakinsa.

Wani yaro ya durƙusa. Nikhil ya ja baya taku uku, ya matsa gefe taku biyu.

"Fanareti!" in ji Sahabi. "Yau ga mai hankali guda, zai taɓa ta da ƙafa."

"Ina gola?"

"Babu gola!"

"Ko raga babu. Malam, wanga ko Jaɓɓo ya ci ta."

Aka cillo ƙwallon, na durƙushe ya kafa ta, Nikhil ya ɗaga ƙafa. Ta tashi, ta yi ta tashi, ta bi tsakanin wasu dogayen ƙarafa biyu da ke ƙarshen fili, can sama da sandar kwance, ta faɗa bayan fili.

Mutum sittin suka ɗora hannu a ka. Malam Manu ne ya fara.

"Innalillahi! Ɗan banza! Babu gola!" Muryarsa ta fi ta kowa. "Ka kwantar da ita ƙasa mana! Wa ya koya maka?"

"Haƙuri, Malam. Yaro na."

A allo, shuɗayen suka ruga suka danne Nikhil, ɗaya kan ɗaya.

"Za su kashe shi," in ji Jaɓɓo. "Ni ma da na taya su."

Sai suka ɗaga shi a kafaɗa. Lambar shuɗayen ta koma ashirin da biyu. Hoton ya yanke, salula ta fara ruri, sunan Arun ya cika talabijin. Maharazu ya zare ta ya miƙa.

"Baba! Ka gani? Ya ci mana wasa!"

"Ya ci?"

"Maki uku! Ta sama ake so, ai na faɗa maka!"

Malam Manu ya rufe wayar da tafin hannu, ya dubi jama'a. "Wai ya ci. Wai ta sama a ka so."

Sahabi ya ce, "Ƙasar da za ka zubar da fanareti a ɗauke ka a kafaɗa? Malam, in ba ka zuwa, ba ni takardun."

Dariya ta tashi har kwanon rufi. Malam Manu ya tsaya a tsakiyarta, wayar a kunne. Ta cikinta yana jin wata hayaniyar, da ganguna, da muryar ɗansa yana kiran wani da Turancin da sai ya kasa kunne yake ganewa.

"Baba, kana ji? In yanki tikitin?"

"Ka ce da yaron na gani. Ka ce ƙafarsa tana da kyau."

"Tikitin fa?"

"Yanka masa shi. Ya zo hutu. Akwai masu gyara masa bugu a nan."

"Baba..."

"Ana jira na, Arun."

Ya kashe, ya sa wayar a aljihu. Ya tsinci goronsa a ƙasa, ya hure, ya koma gurbinsa na benci na biyu, jikin ginshiƙi.

"Maharazu, maido muna dish. 'Yan wasan biyar da rabi sun kusa fitowa."