Tarin Fijon Sale

A shekarun da kuɗin mai ya cika gari, Fijo ta yi yawa a Keffi, har ta kai ko ɗan ƙauye ya daina juyawa ya kalle ta. Amma Iya Huraira ta Tudun Ƙofa, wadda idanunta suka yi rauni, ko cikin dubu tana gane ta autanta Sale, direban hanyar Garaku. In motar ta hau ɗan tudun bakin layinsu sai ta yi wani ɗan tari, kamar tsoho zai yi sallama. Da wannan tarin hankalin Iya ke kwanciya kullum da yamma, don hanyar nan, kun sani, ta sha cin mutane.

Ran nan da safe Sale ya durƙusa gabanta, ya ɗora mata wani ƙarfe mai sanyi a hannu.

"Iya, shafa ki ji. Kwayil ne na musamman, shi ke ba fulogi wuta. Har da sababbin fulogai na haɗo daga shagon Godfrey. Ya ce irin na motocin tsere ne."

"Wanda ta zo da shi mutuwa ya yi, Auta?"

"Lafiyarsa lau. Amma wannan, yau in na dawo ba za ki gane kukanta ba."

Iya ta ce Allah ya sa albarka. Amma fa maganar ta tsaya mata a rai. In muryar motar ta sauya, da me za ta san ɗanta ya dawo? Ranar ko furar da surukarta Mairo ta dama mata sai kurɓa kawai ta yi.

Bayan la'asar ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a zaure. Mota ta wuce, wata ta wuce. Kowacce sai ta ce, ko ita ce? Ba ta taɓa jin yammar da ta yi tsawo haka ba.

Ana dab da kiran magariba wata ta hawo tudun. Ta yi ɗan tarinta.

"Mairo! Kai ruwa, ga mijinki nan."

Sale ya shigo fuska a murtuke.

"Iya, wallahi ko ɗigon gudu ba ta ƙara ba. Yadda na je Garaku jiya, haka na je yau. Man ma ɗaya ta sha. Na koma wa Godfrey, sai ya ce wai ai injin ɗin ne na gida, sai an yi masa aiki tukuna."

"Ka ɗaura wa jaki sirdin doki, ka ce ya yi sukuwa?" in ji Iya.

Mairo ta ƙyalƙyale da dariya daga madafi.

"Gobe zan kai ta gareji a duba tarin nan ma," in ji Sale.

Iya ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Yana hana ta tafiya?"

"A'a."

"To, bar mini shi."