Kaset ɗin Malam Shittu

Shekara ashirin da bakwai ina gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwar Wurno, kuma ciwona ɗaya ne: ba na iya ganin na'ura a rufe ban faɗi abin da ke cikinta ba. Ko ban taɓa riƙe ta ba, sai na faɗa.

Bara da rani Maccido, maƙwabcin shagona mai tura wa mutane finafinai a waya, ya nuna mini hoton wani ɗan akwati da wani kamfani ya ce zai fitar. Baƙi ne, bai wuce sabulun wanki ba. A haɗa shi da talabijin, ya jawo kallo da karatu kai tsaye daga intanet. Kamfanin bai ce komai ba game da abin da ke cikinsa, mu kuwa muka samu aikin yi.

"Memorinai giga biyu na, bai wuce nan," in ji Maccido.

"Huɗu," na ce. "Kuma dole shina da hwanka ciki. In babu, zahin garin ga na kashe shi kahin la'asar."

"Hwanka cikin ɗan abin ga? Ina za ta zamna?"

Na yagi kwali na zana masa cikin akwatin da ban taɓa gani ba: nan ƙwaƙwalwa, nan abin kama sabis, nan wuta ke shiga. Muka kwashe makonni muna musu a kan manhajarsa, ko irin ta waya ce, ko za ta ji Hausa. Babban musun shi ne wata inuwa a bayan hoton. Na rantse ramin sa filash ne.

Ana cikin haka Inno, ƙanwar mahaifiyata, ta sauka daga kabu-kabu daga Rimawa, da rikoda naɗe a zani. A da, wanda ya yi nisa da gida kuma iyalinsa ba su karatu, yakan ɗauki maganarsa a kaset ya ba matafiyi. Mijinta, Malam Shittu, ya aiko mata da ɗaya daga Makka shekara talatin da suka wuce, ya rasu can bai dawo ba. Duk Juma'a takan kunna shi. Yanzu rikodar ta daina juyawa.

Na buɗe na duba. Bel ne ya tsinke, ɗan robar da ke juya kaset, aikin minti goma, kuma ina da bel cike da gwangwani. Amma kaina yana cikin akwatin can.

"Inno, kaset ɗin ga ya tsuhwa. Duk sa'ad da kinka kunna shi, ƙara cinyewa shikai. Bari wani sabon akwati shi iso. In kwashe muryar in sa ga filash, in wanke ta tas, ki ji ta ga talabijin, jikokinki na Sakkwato ma su ji."

"Mi za shi yi wanda wagga ba ta yi, Mode?"

Na yi mata bayani mai tsawo. Ta saurara kamar yadda ake sauraron ɗa, ba don an gane ba.

"Yaushe za shi zo?"

"Ƙarshen wata."

Ta miƙo mini kaset ɗin da hannu biyu. "Kai kas san aikinka. Aje man shi wuri mai kyau."

Na sa shi a aljihun teburina mai makulli, inda nake ajiye abin da ba na so ya ɓace, har da ƙananan notina da nake mannawa a gindin wata tsohuwar lasifika.

Wata ya ƙare, kamfani ya ɗaga ranar. Damina ta sauka, gero ya fitar da kai, aka sake ɗagawa. Sau biyu Inno ta aiko a tambaye ni, sau biyu na ce a gaya mata saura kaɗan. Da gaske nake faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan yanzu.

Bayan wata biyar aka saki cikakken hoton. Babu fanka. Babu ramin filash, inuwar nan inuwa ce kawai. Maccido ya yi dariya har ya riƙe ƙofa. Kunya ta sa a safiyar nan na ɗauko rikodar Inno na canza bel. Ko minti goman ma ban cika ba.

Na buɗe aljihun tebur. Kaset ɗin ya manne da gindin lasifikar, sai da na ja shi ya rabu. Gindin lasifika maganaɗisu ne fa, kuma shi ke goge kaset. Tun ranar farko da na fara koyon sana'ar nan aka gaya mini.

Na kunna. Shuuu kawai, sai can-can wani gunaguni da ba a gane ko mutum ne.

Na ɗauki rikodar na tafi Rimawa da kaina. Na samu Inno a tsakar gida tana tsince wake, na durƙusa na gaya mata komai, ban rage ba. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Kunna," ta ce.

Na kunna. Ta ajiye faifan waken, ta sunkuyar da kai. Shuuu ɗin yana tafiya, leɓɓanta suna motsi. Wani wuri ta amsa da "Amin." Wani wuri ta yi ɗan murmushi ta ce, "Nan na yay yi tari." Haka har zaren kaset ɗin ya ƙare, rikodar ta kashe kanta.

"Inno," na ce, "tunda kin san abin da yac ce duka, ki hwaɗa in ɗauka ga waya. Ba ya ɓacewa."

Ta cire kaset ɗin, ta goge shi da bakin zaninta.

"Maganatai ina da ita, Mode. Muryatai ta nib ba ka ajiya."