Koren Ruwa a Daron Inna Hafsatu

Ni Sabi'u, shekara ashirin ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a Tasawa, ban taɓa jin kunyar aikina ba sai ranar da Kabiru ya kira ni zuwa garinsu Baudeta.

Kabiru abokina ne tun muna lakwal, wato makarantar boko. Yana da wata tsohuwar motar tsere, ja, mai kujera biyu, wadda marigayi wansa ya zo da ita daga Kwatano. Cikinta kamar zai taɓa ƙasa, shi ya sa 'yan gari suka sa mata suna Kwaɗo. Motar kwalta ce, ba ta yashinmu ba, amma faɗa wa Kabiru haka ku yi sati ba ku gaisa ba. Matarsa Ramlatu ta haihu bayan shekara tara da aure, washegari suna, ya kuma ce da Kwaɗo zai ɗauko surukansa. Motar kuwa zafi take yi, don haka ya ce in zo in wanke mata radiyata in sake ruwa.

A gindin itacen bedi na tarar da ragon sunan a ɗaure, fari sol. Tun ranar da cikin Ramlatu ya fito Kabiru yake kiwonsa da hannunsa. Sai da ya nuna mini ragon kafin ya nuna mini motar.

Na buɗe murfin radiyata. Ruwan da ke ciki tun na marigayi ne, kore mai duhu, duk tsatsa. Na ga wani daro a bakin ƙofa, na jawo shi, na kwance robar ƙasa, ruwan ya zubo ya kusa cika shi. Na ture daron gefe, na koma ƙarƙashi ina fama da zoben da ke ɗaure robar, wanda ya karye a hannuna.

Na san ruwan nan guba ne. Na san zaƙi gare shi, dabba in ta sa baki ba ta ɗaga kai. Abin da na manta shi ne a wane gida nake. Rijiyar unguwar zurfinta gaba talatin ne, kuma gwaggon Kabiru, Inna Hafsatu, ba ta taɓa yarda ɗigon ruwa ya tafi ƙasa a banza ba. Na wankin gero, na ɗaurayar kwano, duk na dabbobi ne. Ranar kuma mata suna dafa zogalen suna, koren ruwa ta ko'ina.

Da na fito na nemi daron na rasa. Na hango shi a gindin bedi, rago yana lasar gindinsa.

Na gaya wa Kabiru, bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya kira likitan dabbobi a Tasawa, likita ya ce a kawo shi yanzu, kafin gubar ta bi jiki. Motocin gari duk sun tafi cin kasuwa. Amalanke kuwa sai la'asar ta kai. Kabiru ya dubi Kwaɗo.

Na ce masa ban gama ba. Ban ɗauraye ba, zobe ya karye, kuma in an zuba sabon ruwa sai an bar injin ya fitar da iska. Ya ce in ɗaura da abin da na samu. Na ɗaure robar da waya, na juye bido biyu, wato jarka biyu, na sabon ruwan, na shiga na rungume rago a cinyata.

"In allurar nan ta taɓa ja, ka tsaya," na ce masa. "Ka jiya?"

Ya tada mota. Muka kama hanyar yashi, cikin motar yana gurzar ƙasa. Idona ɗaya a kan allurar zafi, ɗaya a kan ragon, wanda ya fara lilo da kai yana dalalar da yawu a rigata. Allura ta wuce rabi. Muna hango dogon ƙarfen salula na Tasawa na ji wayar da na ɗaure robar da ita ta saki, warin zaƙi ya cika motar, tururi ya taso ta gaba.

"Kabiru, tsaya. Motar marigayi wanka ce za ta ƙone."

"Na sani," ya ce. "Riƙe mini ragona."

Kwaɗo ta kai mu bakin kwalta, ta yi tari biyu ta mutu. Ban buɗe ba na san injin ya tafi. Kabiru bai ko waiwaye ta ba, ya saɓi rago a wuya muka ƙarasa da ƙafa.

Likita ya yi allura, ya sa ƙarin ruwa, ya ce da alamar zai tashi. Sannan ya ƙara da cewa kada a yanka shi gobe, ko wata mai zuwa, don namansa ba na ci ba ne. Kabiru ya zauna a ƙasa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Da safe mutane sun cika ƙofar gida, liman ya zauna, babu abin yanka. Sai ga Inna Hafsatu tana jaye da ɗan ragonta, shi kaɗai gare ta, ta miƙa wa Kabiru igiyar.

Na bi Inna Hafsatu har bayan gidan. Na ce laifina ne, ni na san abin da ke cikin daron.

"Kai ka zuba, ɗana," ta ce, "amma ni na kai mishi, har ina ce mishi sha."

Ta durƙusa ta goge daron da yashi sau uku. Ta haƙa rami da hannunta, ta juye ruwan ɗaurayar a ciki, ta rufe. Muna nan tsaye muka ji an ɗauki fatiha.