Kwanon da Aka Miƙa Ba Suna

Ranar Asabar ɗin Moși, ranar tunawa da kakannin da suka rasu, aka tashi da yayyafi, hazo ya sauko har bakin shingen gidan Kaka Zamfira. Ta jera sababbin kwanonin yumɓu a tebur, kowanne da dafaffiyar alkama da kyandir a kunne, na sadakar mamata. Jikanta Tudose ne zai miƙa wa maƙwabta ta saman shinge, yana ambaton sunan mamacin da aka yi dominsa. In ba suna, sadakar ba ta isa.

Shi kuwa hankalinsa na kan wani mutumin birni da zai zo ganin gonar tuffa ta kan tudu. So yake ya sayar da ita ya tafi Italiya.

"Kai ja'iri, me muke ce wa gonar gado?" in ji kakar.

"Moșie mana, Kaka."

"To daga moș ta fito, wato kaka namiji, tun kafin a gina coci a ƙauyen nan. Sunan kakanni ne a kanta. Za ka sayar da mutane."

"Mutanen naki ko ciyawa ba sa cirewa," ya ce yana dariya.

Ya riƙa miƙa kwanonin da sauri, bai ambaci kowa ba. Saura ɗaya sai ga wani tsoho a bakin shinge, farar rigarsa a jiƙe, laka har gwiwa. Tudose bai san shi ba.

"Na wane ne, ɗana?"

Tudose ya buɗe baki. Sunan kakan babansa, wanda ya dasa tuffar, ya ƙi zuwa.

"Karɓi kawai, Baba."

Tsohon ya karɓa bai yi godiya ba. Ya juya ya nufi tudu, ruwa na dukan kyandirin amma bai mutu ba.

Da azahar, mai sayen na tsaye a tsakar gida, tudun ya yi wani nishi, ya zame gaba ɗaya ya faɗa rafi.

Washegari Tudose ya hau inda gonar take a da. Ya tarar da kwanon a kan danyar laka, an cinye alkamar tas. Ya dawo ya tambayi kakarsa sunan kakan babansa. Ta daɗe tana motsa leɓe, sannan ta fara kuka.

An rasa itatuwan tuffa arba'in, da rijiya, da tumaki biyu, da sunan.