Rabon Gadon Murjani

Ranar da Radiyya ta fita takaba, Maiwada, yayan marigayi mijinta Shamsuddeen, ya zo da zancen rabon gado. An raba gonar rake ta Nasarawan Doya, an raba babur, kanta na sunkuye. Sai da ya nuna tankin gilashin da ke ɗakinta ta ɗago kai.

Tankin nata ne, kowa ya sani. Abin da ke ciki kuwa Shamsuddeen ne ya zo da shi daga Legas: murjani mai rai, ba irin na sarƙar wuya ba. Laushi gare shi, ga faɗin kai kamar naman kaza, kuma sai cikin ruwan gishiri yake rayuwa. Duk Makarfi dariya ake musu, wai suna kiwon dutse. Shi kaɗai ne abin da marigayin ya yi renonsa da hannunsa ya bar mata, da yake Allah bai ba su haihuwa ba.

Maiwada, wanda ko leƙa tankin bai taɓa yi ba, yau shi ne masanin darajarsa.

"Akwai wani Alhaji a Kaduna da ke sonsa, amma sukutum," ya ce. "A sayar a raba, haka shari'a ta ce."

"Shari'a cewa ta yi a raba, Yaya. Ba ta ce dole a sayar ba."

"To, yaya za a raba wannan abu?"

Radiyya ta wanke hannu, ta ɗauko sabuwar reza. Ta ciro murjanin ta sa a roba da ruwansa, gaban Maiwada da Inna Mairo, mahaifiyar marigayin. Ta yanka gefen kan murjanin gunduwa-gunduwa, yadda ta ga mijinta yana yi.

"Kin kashe shi! Wallahi kin kashe shi!" Maiwada ya ce da ƙarfi.

"Kai da kake sassara rake ka binne, ya taɓa mutuwa?" ta ce. Ta ɗaure kowane yanki a jikin ɗan dutse da zaren ɗinki. "Ga naka, ga na Inna, ga nawa. Mai son nasa ya zo da ruwan teku ya ɗauka."

Maiwada ya fita yana huci, ciniki ya lalace. Ita kuwa tsoro ya kama ta, gaskiya, don yankakkun sun ƙanƙance sun yi fari, kwanaki suna tafiya babu motsi. Kullum da safe sai ta tsaya gaban gilashin tana musu faɗa.

Wata Asabar suka buɗe, kowanne ya fito da ƴan gashinsa suna kaɗawa cikin ruwa.

Ta aika aka kira Inna Mairo. Tsohuwar ta daɗe tana kallo, goshinta har yana taɓa gilashi.

"Wanne ne na Shamsu a ciki?"

"Duka shi ne, Inna."

Inna Mairo ta share ido da gefen mayafi, ta jawo tabarma ta zauna.

"Nawa kason ya zauna nan," ta ce. "In Maiwada ya dawo, ki turo min shi."