Kyamarar Direba Ta Kalli Titi

Ranar da Direba ya sayar da tasinsa, abu ɗaya ya cire daga ciki: 'yar kyamarar nan da ke manne a gilashin gaba tana ɗaukar hanya. Ya jefa ta a aljihun tebur ya manta da ita, don lokacin hankalinsa na kan matarsa, wadda ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Ta samu sauƙi, amma ita ba ta yarda ba. Likita ya ce ta riƙa taka ƙafa kullum, ta kuma koma saƙarta don yatsun su saki. Takawar dai tana yi da sanda, tana mita. Saƙar ce ta gagara. Rigar sanyin da take saƙa wa jikansu ta kwana biyu da hannu ɗaya kawai, kwarashi yana zamewa, zare yana kwancewa.

"Na bari, Malam," ta ce wata safiya, ta ture kwandon zaren da ƙafa. "Jiya i yau. Jikin nan ya gama abin da zai yi."

Direba bai iya lallashi ba, mutum ne da ya saba da hon. Amma ya san in ta ajiye kwarashin nan, gobe sandar za ta ajiye, daga nan sai gado.

Da babbar 'yarsu ta zo duba su, ita ta tuna masa da kyamarar. Ta ce akwai inda ake taɓawa ta riƙa ɗaukar hoto jefi-jefi, ta haɗa su, aikin mako ya wuce a ɗan lokaci.

"Ka saita ta kan Umma, Baba. In ta ga rigar tana tsawo da idonta, gardama ta ƙare."

"Ni za ki koya wa kyamarata? Kina goye nake aiki da gilashin mota."

Ya samo caja ya jona a bango, ya lashi robar da ake manna ta da ita, ya danna ta a gilashin tagar falo, dab da kujerar saƙa. Yadda hannunsa ya saba, haka ya manna ta: ido waje, ƙeya ciki. Direba ba ya saka kyamara ta kalli fasinja. Ya roƙi matar ta ƙara masa 'yan kwanaki tana saƙar, ta ce to, don dai ya bar ta ta huta.

Da 'yar ta dawo, ta zare katin kyamarar ta sa a kwamfutarta, su uku suka zauna. Sai ga titi. Inuwar gidan maƙwabci tana sharar ƙasa kamar tsintsiya, motoci suna wulgawa, shanyar maƙwabta tana hawa igiya tana sauka. Babu zare, babu kwarashi.

"Baba! Titi ka ɗauka?"

"To ina kyamara take kallo in ba titi ba?" Ya faɗa da ƙarfi.

Matar ta fara dariya, irin wadda ya daɗe bai ji ba. Can ta tsaya.

"Wace ce waccan mai sandar?"

Wata mata ce ta fito fit, ta taɓa ƙofar gida, ta koma. Gari ya yi duhu ya waye, ta sake fitowa, ta kai bakin kwata. Ta sake, ta kai turken lantarki. Daga baya ma sai ta fice daga hoton gaba ɗaya, a jima ta faɗo ciki, wani tsoho yana binta da kujerar roba.

"Ke ce, Hajiya," in ji Direba. "Ji gudu. Da ina aiki da na ce ki rage wuta."

"Kai kuma ji ka a baya, kamar kwandasta."

Ta sa aka maimaita mata, tana bin turken da yatsan hannun daman, ba ta ma lura da hannun da ta ɗaga ba. Shi kuwa ya lura.

"Ashe har kantin mai gyaran takalmi nake wucewa," ta ce a hankali. Ta gyara zama. "Malam, juyo da abin nan ya kalle ni. Ke kuma miƙo min kwandon can, hannun rigar nan ɗaya ya isa haka."