Sashen Gwani Ya Yi Kore

A ofishinmu na rubuta manhaja, Oga bai taɓa karanta layi ɗaya na aikinmu ba, amma ya fi kowa sanin wanda ya iya. Wani ma'auni ya sayo mai nuna wahalar karanta rubutun manhaja, aka kafa masa allo kusa da firij. Ja, rubutu ya cukurkuɗe. Kore, kowa zai gane. Kullum yana gabansa da kofin shayi yana gyaɗa kai, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro kwamfuta.

Gwani ne ke riƙe da manhajar sayar da tikitin wani kamfanin bas. Matarsa da 'yarsa suna wani gari inda muke da reshe, ya daɗe yana roƙon a mayar da shi can.

"Ranar da sashenka ya yi kore, ka miƙa mata ka tafi," in ji Oga, yana nuna ni.

Shi ma'aunin nan ba karatu yake yi ba. Inda duk "idan kaza, to kaza" ya taru a yanki ɗaya, nan yake zuba ja. Gwani ya gano haka. Bai gyara komai ba, sai ya daddatse dogayen yankunan zuwa gutsattsari, kowanne yana tura ka wurin wani kamar ma'aikatan da ba sa son sa hannu. Allo ya yi kore shar.

Na ce, "Yaya, wannan fa ba ya karantuwa."

"Ƙanwata, kin fi allo sani ne?"

Oga ya tara mu muka tafa wa Gwani. Haushi kamar ya kashe ni, amma na tafa.

Gwani ya miƙa mini sashen ya tafi. Bai gama kwance kaya a can ba manhajar ta fara sayar wa mutum biyu kujera ɗaya, fasinjoji suna cin kwalar juna a tasha. Na bi gutsattsarin nan har idona ya yi ja, ban ga kan zaren ba.

"Kore ne fa! Matsalar daga kanki take," in ji Oga. Duk da haka ya kira Gwani ya dawo, wai na ɗan lokaci.

Gwani ya zauna a tsohuwar kujerarsa yana murmushin nan nasa. Ya buɗe wannan gutsure, ya tura shi wancan, wancan ya dawo da shi inda ya faro. Murmushin ya gudu. Ya nemi tsohon rubutun, sai ya tuna shi da hannunsa ya share shi daga ma'ajiya don kada ma'aunin ya gan shi.

Oga ya leƙo, ya nuna ni. "Maganar reshe a ajiye ta. Sai ta gane rubutun nan za ka koma."

Wayar Gwani ta yi ƙara, ya ɗauka, muryar 'yarsa har teburina.

"Baba, gobe za ka dawo?"

Ya ɗaga kai ya dubi allon. Sashensa kore ne tas, babu ɗigon ja ko ɗaya.

"Ba gobe ba, 'yata," ya ce.